Babi na Bakwai: Jirgin Sama Ma Yana Jin Ɗari?

Duk mai babur a Bune, a ƙasar Gure, ya san halin asubar watan Janairu. Iskar hunturu ta kwana tana busowa daga arewa maso gabas, yatsu sun ƙandare, a buga kik sau uku sau huɗu babur ya yi tari ya mutu. Sai an ja cok, an lallaɓa shi, kafin ya yarda ya kama. Mai injin ban ruwa a kwari ma haka yake fama, ya ja igiya har kafaɗa ta yi tsami. To idan ɗan injin mai silinda ɗaya yana wannan gardama saboda sanyin da bai daskarar da ko ruwan randa ba, yaya jirgin sama yake yi a ƙasashen da ƙanƙara ke rufe ƙasa wata uku ko huɗu? Shi ma yana ƙin tashi? In ya ƙi, me ake yi masa?

Amsar ita ce yana ji, kuma ƙaramin jirgi ya fi kowa ji. A waɗannan ƙasashe sai an ɗumama injinsa kafin a taɓa makunni, kuma kamfanonin da suka ƙera injin sun rubuta wannan a matsayin ƙa'ida. Mafi yawan mutane sun ɗauka ana ɗumamawa ne don injin ya yarda ya tashi. Wannan ƙaramin dalili ne. Babbar ɓarnar tana faruwa ne idan injin mai sanyi ya tashi, a cikin minti ɗaya na farko, kuma ba mai gani ko ji.

Wane irin jirgi?

Manyan jiragen da ke kwasar alhazai, da matsakaitan da ke jigilar ma'aikatan agaji tsakanin Yamai da Damagaram da Difa, injinsu na tabin ne, mai shan kananzir ɗin jirgi, kuma yana da nasa ƙa'idojin daban. Wanda muke magana a kansa shi ne ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya a hanci, mai ɗaukar mutum biyu zuwa shida. Irinsa ne ke kai likitoci da marasa lafiya asibitin Galmi, irinsa ake amfani da shi wajen feshin fara da tsuntsayen jan baki, da irinsa kuma ɗalibai ke fara koyon tuƙi a kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Wanda ya fi shahara a duniya shi ne Cessna 172, da aka fara sayarwa a 1956, aka kuma ƙera sama da 44,000.

Injin irin wannan jirgi ɗan uwan injin babur ne na kusa. Yana da fistin da ringi da silinda da fulogi, yana shan fetur, kuma iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto babu ruwa. Bambancin shi ne silindarsa huɗu ne ko shida, kowace ta fi ta babur girma nesa ba kusa ba. Kamfanoni biyu na Amurka, Lycoming da Continental, su ne suka ƙera mafi yawan waɗannan injina. Injin da aka kula da shi yadda ya kamata yakan yi kimanin awa 2,000 yana aiki kafin a sauke shi a yi masa garambawul. Wanda ake tayarwa da sanyi ba tare da kulawa ba, da wuya ya kai.

Abin da sanyi ke yi wa baƙin mai

A cikin injin babu ƙarfen da ya kamata ya gogi ɗan uwansa kai tsaye. Tsakanin kowane abu mai juyawa da mazauninsa akwai siririn shimfiɗin baƙin mai, kuma famfo ne ke tura man ta cikin ƙananan hanyoyi zuwa kowane lungu. Idan injin ya kwana a kashe, yawancin man yakan gangara ya taru a kaskon ƙasa. Da an kunna, dole famfo ya zuƙo shi ya kai shi sama cikin 'yan daƙiƙu.

Dubi man shanu. A watan Afrilu ruwa-ruwa yake, ana tsiyaya shi daga kwalba ba wahala. A watan Janairu sai an sa cokali, ko a ajiye kwalbar kusa da murhu. Man bai lalace ba, sanyi ne ya kama shi. Baƙin man jirgi ma haka yake, kuma tun asali ya fi na mota kauri, domin injin da iska ke sanyayawa yana yin zafi sosai, yana buƙatar man da ba zai tsinke ba. Idan sanyi ya tsananta, famfo yana juyawa amma man ba ya tafiya. Injin na gudu, fistin na hawa da sauka, alhali wasu sassan ba su ga ko ɗigo ba. Shi ya sa abu na farko da matuƙi ke zuba wa ido bayan injin ya kama shi ne allurar matsin mai. Ƙa'idar ita ce in ba ta motsa cikin daƙiƙa 30 ba, a kashe injin. A tsananin sanyi wasu littattafan sukan ƙara wa'adin zuwa minti ɗaya, ba fiye ba.

Ƙarfe biyu, hali biyu

Da matsalar ta tsaya ga mai kawai, da sai a canja mai a huta. Akwai man zamani da ba ya kauri sosai a sanyi, kuma ba ya tsinkewa a zafi, irin wanda ake rubuta wa 15W-50 ko 20W-50 a jikin galan. Ya taimaka ƙwarai, amma bai raba gardama ba, domin akwai matsala ta biyu da ke cikin ƙarfen kansa.

Kowane ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi, yana tsukewa idan ya ji sanyi, amma ba daidai wa daida ba. Alminiyam yana tsukewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Ɗauki sanda biyu, kowace tsawon mita ɗaya, ka rage musu zafi da digiri 40. Ta alminiyam za ta ragu da kusan milimita ɗaya, ta baƙin ƙarfe kuwa da kusan rabin milimita. Masu ƙera jirgi suna son alminiyam saboda rashin nauyinsa, don haka da shi suka yi gangar jikin injin da fistin da kan silinda. Kuranshaf kuwa, wato sandar da fistin ke juyawa har ta juya farfela, da baƙin ƙarfe aka yi ta, haka ma bututun silinda.

Kuranshaf tana zaune ne a cikin ramukan da aka huda a gangar alminiyam. Tsakaninta da mazauninta an bar rata 'yar ƙanƙanuwa, wajen kashi biyar cikin ɗari na milimita ɗaya, wato kimanin rabin kaurin takardar da kake karantawa. A cikin wannan rata man ke zama. Idan sanyi ya sauka, gangar alminiyam tana tsukewa fiye da sandar da ke cikinta, sai ta matse ta. A sandar da kaurinta ya kai santimita shida, saukar zafi daga digiri 20 zuwa digiri 20 ƙasa da sifiri ta isa ta cinye kusan rabin ratar. Ko da man ya iso, ba zai sami wurin shiga yadda ya kamata ba. Sabon injin, ko wanda aka gama yi wa garambawul, shi ya fi shiga haɗari, domin ratarsa ba ta buɗe da tsufa ba tukuna.

A saman injin kuma labarin juyawa yake. Da wuta ta fara ci a cikin silinda, fistin na alminiyam, wanda ba shi da nauyi, yakan yi zafi nan take ya buɗe. Bututun baƙin ƙarfe da yake gudu a ciki yana da kauri, ga iskar farfela mai sanyi tana dukansa daga waje, don haka yana jinkirin buɗewa. Na ɗan lokaci fistin ya yi wa silinda yawa, sai ya karce bangonta. Injin ba zai tsaya a ranar ba, matuƙi zai yi tafiyarsa ya dawo lafiya. Sai bayan watanni bakanike ya buɗe matatar mai ya ga ɓurɓushin ƙarfe, ko a lura injin ya fara shan mai, ƙarfinsa ya ragu.

Fetur da batir

Fetur ba ya kamawa da wuta yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. A sanyi ba ya son zama tururi, shi ya sa mai babur ke jan cok don ya ƙara yawansa. Matuƙin jirgi ma yana da ɗan famfon da yake fesa fetur kai tsaye kafin ya kunna. Idan injin ya ƙi kamawa, zuciya takan ce a ƙara. Fetur ɗin da ya yi yawa sai ya gangara ya taru a ƙasan kafireto, injin ya yi tari da baya sau ɗaya, wuta ta tashi. Gobarar ƙananan jirage a ƙasa lokacin sanyi sau da yawa ta nan take farawa.

Akwai kuma wata matsala da ba mu san ta a nan ba. Idan injin ya kama na daƙiƙa biyu ya mutu, ɗan tururin ruwan da ƙonewar fetur ta haifar yakan daskare a bakin fulogi. Daga nan ko an kwana ana murɗawa ba zai tashi ba, sai an ɗumama shi ko an kwance fulogan. Batir shi ma a lokacin da aka fi buƙatarsa yake gazawa. A digiri 18 ƙasa da sifiri, kusan rabin ƙarfinsa kawai yake iya bayarwa, ga shi ana neman ya juya injin da mai ya riƙe.

Ai sama ta fi ƙasa sanyi

Mai karatu zai iya cewa, to ai jirgi kullum cikin sanyi yake tafiya. Gaskiya ne. Duk hawan mita 1,000, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri shida da rabi. Jirgin da ya tashi daga Damagaram da hantsi ana digiri 20, in ya kai mita 3,000 yana iya tarar da sifiri. Amma a lokacin injin ya riga ya yi zafi, wuta na ci a cikinsa, man ya saki, kowane ƙarfe ya buɗe zuwa girman da aka auna masa. Sanyin waje ba ya kai wa cikinsa. Abin tsoro shi ne injin da ya kwana a kashe har sanyi ya ratsa shi ciki da bai, sannan a ce ya tashi ya yi gudu farat ɗaya.

Ina iyakar take?

Kamfanin Lycoming ya ce dole a ɗumama yawancin injinansa idan sanyi ya wuce digiri 12 ƙasa da sifiri. Continental ya fi tsanantawa: idan injin ya yi awa biyu ko fiye a digiri 7 ƙasa da sifiri ko sanyin da ya fi haka, a ɗumama. Kanikawa da yawa ba sa jira a kai nan, da zarar an kai sifiri, inda ruwa ke daskarewa, sukan ce a ɗumama. Hujjarsu a fili take: kuɗin wutar awa shida ba komai ba ne idan aka gwada da kuɗin sabuwar silinda, balle ran mutanen da injin zai ɗauka.

Yadda ake ɗumamawa

Hanyar da ta fi kowace ita ce jirgin ya kwana a rufaffen rumbun jirage mai ɗumi. A nan komai yana ɗumama tare, injin da mai da batir da na'urorin gaban matuƙi. Sai dai ba kowane fili ke da irin wannan rumbu ba, kuma inda akwai shi yana da tsada.

Hanya ta biyu ita ce wutar lantarki. Ana manna faifan ɗumi a jikin kaskon mai, a kuma sa wa kowace silinda nata abin ɗumi, a haɗa su da waya ɗaya da ake sokawa a soket. Kamfanonin Tanis da Reiff sun yi suna wajen ƙera irin waɗannan. Ana kunnawa awoyi kafin tafiya, a lulluɓe hancin jirgin da bargo mai kauri, a toshe kafofin iska don kada ɗumin ya tsere. Faifan kasko shi kaɗai bai wadatar ba a tsananin sanyi, domin yana ɗumama mai ya bar silinda a daskare. Barin sa a kunne kwana da kwanaki ma yana da illa: ɗumin yana tayar da danshin da ke cikin mai, danshin ya hau ya kwanta a kan sassan da ke da sanyi, tsatsa ta kama su. Continental ya yi gargaɗin kada a bar irin wannan na'ura a kunne fiye da awa 24.

Hanya ta uku ita ce iska mai zafi. Na'ura mai ƙona gas ko kananzir tana hura iska ta cikin babban tiyo zuwa ƙarƙashin murfin injin. Tana da sauri, kuma saurin ne haɗarinta. Cikin minti goma murfin zai yi ɗumi, a taɓa silinda a ji ta yi daɗi a hannu, alhali kuranshaf a can tsakiya da man da ke cikin tiyo da na'urar sanyaya mai suna nan yadda suka kwana. Injin da aka yi wa wannan ɗumin na sama-sama yakan tashi cikin sauƙi, ya yi kamar lafiya lau, mai kuwa bai zagaya ba. Don haka ake so a ba shi akalla rabin awa, a kuma kula kada iskar ta yi zafin da zai ƙona waya da roba.

Kafin a sami waɗannan na'urori, matuƙan dajin Kanada da Alaska na shekarun 1920 da 1930 da hannu suke yi. Da sun sauka da yamma sai su tsiyaye man injin tun yana da zafi cikin garwa, su shiga da shi ɗaki. Da asuba su ɗora shi a murhu, su rufe hancin jirgin da tanti, su kunna risho mai hura wuta a ƙarƙashin injin, mutum ya zauna a cikin hayaƙin yana gadi da abin kashe gobara a hannu. Sai injin ya ɗumama su mayar da man su kunna. Jirage da dama sun ƙone ta wannan hanya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da wata dabarar: kafin a kashe injin sai a saki ɗan fetur cikin baƙin mai don ya tsinka shi, washegari in injin ya yi zafi fetur ɗin ya ƙafe. Yau ba mai hankalin da zai kai buɗaɗɗiyar wuta kusa da jirgi mai cike da fetur.

Bayan injin ya kama

Ɗumamawa rabin aiki ce. Da injin ya kama, matuƙi yana riƙe shi a hankali, wajen juyi 1,000 a minti, ba ya ba shi wuta. Yana duba matsin mai: in ya yi ƙasa, mai bai iso ba, in ya haura jan layi, man ya yi kauri har yana neman fasa tiyo. Yana jira allurar zafin mai ta motsa, injin ya riƙa karɓar wuta ba tare da tari ba, sannan ya gwada shi da ƙarfi. In matsin mai yana rawa, yana hawa yana sauka, alama ce akwai daskararren mai a wani wuri, sai a kashe a sake ɗumamawa. A cikin tafiya kuma ana so zafin mai ya kai wajen digiri 80, domin a nan ne ruwan da ya taru a cikinsa ke ƙafewa.

To mu fa a Bune?

A ƙasar Gure sanyin asubar Disamba da Janairu yakan tsaya wajen digiri 13 zuwa 15, wasu ranaku ya gangaro kusa da 10. Tsakaninmu da iyakar da Lycoming da Continental suka shata akwai nisa mai yawa. Jirgin da ya kwana a Damagaram ko Difa ba ya buƙatar bargo ko na'urar ɗumi. A arewa lamarin ya ɗan bambanta. A Bilma an taɓa auna sanyin da ya sauka ƙasa da sifiri, kuma a tsaunukan Ayar, inda dutsen Bagazan ya haura mita 2,000, ruwa yakan daskare da dare. Matuƙin da ya kwana a Dirku ko Iferwan a watan Janairu yana iya shiga yankin da kanikawa masu taka-tsantsan ke cewa a ɗumama.

Amma akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Saboda ƙasarmu ta zafi ce, inda Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, man da ya dace da yawancin shekara shi ne mai kauri, irin mai lamba 50. A jadawalin Lycoming, wannan mai an ware shi ne don yanayin da ya haura kimanin digiri 16. Ke nan a safiyar hunturu mai digiri 11 ko 12, jirgin da ke ɗauke da man bazara ya riga ya fita daga iyakar da aka tsara wa man, ko da yake babu ƙanƙara ko ɗaya a ƙasa. Ga shi kuma ƙananan jirage a nan da sassafe suka fi tashi, kafin rana ta tayar da iska mai jijjiga. Masu feshin farar dango, kamar a mamayar 2004, suna son su riski farar tun sanyin safiya bai sake ta ta tashi ba. Lokacin da aiki ya fi matsawa shi ne lokacin da man ya fi kauri.

Maganin a nan ba ya buƙatar wata na'ura. A zuba man da ya dace da lokacin, ko mai lamba biyu da ke aiki a sanyi da zafi. A juya hancin jirgi ya fuskanci gabas don hantsi ya taɓa shi. In an kunna, a ba shi 'yan mintuna ya ɗumama kafin a nemi ƙarfinsa. Mai babur da mai injin ban ruwa da mai injin niƙa duk wannan ƙa'ida ta hau kansu, domin fistin yawancinsu ma na alminiyam ne. Yaron da ke murɗe totur har ƙarshe da zarar babur ya kama, wai don ya yi saurin zafi, ringi da silinda yake ci. Sauri kan haifi nawa: minti uku da ya ƙi jira da safe, zai biya su da kwana uku a wurin bakanike.

Sanyi dai baƙo ne a wurinmu, wata biyu ko uku ya wuce. Iskar da ke kawo shi kuwa tana ɗauke da abin da ya fi shi ɓarna ga injin, wato ƙurar da take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wadda ke rufe sararin Damagaram da Kano har a dakatar da saukar jirage. Babi na gaba zai bi wannan ƙura daga matatar iska zuwa cikin silinda, mu ga yadda take cin ƙarfe, da yadda matuƙi ke samun hanya a ranar da hazo ya ɓoye masa ƙasa.